Cikin da aka yanke wa 'yata aka ɓoye mini

Mu biyar ne a tsakar gidana na Difa ranar: ni, da 'yata ta fari mai jego, da mijinta, da yayar mijin, da tsohuwar ungozomar unguwarmu. Jaririn yana barci a ɗaki. Ni a lokacin bazawara ce mai sayen tattasai a Shetimari ina sayarwa a kasuwa. Ban yi lakwal ba, wato boko, amma ba a cusa mini ruɓaɓɓe a ƙasan buhu. Sai ga shi a kan ɗiyar cikina an rufe mini ido shekara da shekaru.

Yarinyar nan mai jiki ce tun tana budurwa, kamar dukan matan gidanmu. Bayan aure ƙiba ta yi mata yawa, ga ciwon suga, ga gwiwa. Mijinta ɗan kasuwa ne mai fita waje, ya tafi da ita, wai za a duba gwiwar. Ta dawo tana cin abinci kamar tsuntsu. Da fari kowa ya yaba, suga ya sauka, tana tafiya ba haki. Sannu a hankali gashi ya fara zuba, leɓe ya yi fari, har mata a wurin biki suna raɗa cewa sida ce, wato ƙanjamau. Na tambayi mijin, ya ce dokar masu suga ce kawai. Ita kuwa ban tambaye ta ba. 'Yar fari ce, ko sunanta ba na faɗa, balle in zaunar da ita in ce buɗe mini jikinki. Wannan kunyar har yau ina jin haushinta.

Da ta haihu aka kawo mini ita wankan jego. Na dama kunun kanwa da zuma, na gasa nama da yaji, yadda aka yi mini. Tana kurɓa sai zufa, zuciya na bugawa, sai amai. Na yi ta yi mata faɗa, na ce shagwaɓar matan masu shago ce, wa ya taɓa jin mai jego ta ƙi kunu? Ranar da nake ba ku labari, ta miƙe za ta wurin wanka, ƙafafu suka ƙi ɗaukarta, ta ce tafin ƙafarta kamar ba nata ba. Ungozoma na gyara mata zane ta ga wasu ƙananan tabo a kan cikinta, ta ce wannan ba aikin haihuwa ba ne. Na aika aka kira mijin, ya zo da yayarsa.

Nan ya faɗi gaskiya yana kallon ƙasa. Ba gwiwa aka duba ba, an yanke mata tumbi ne don ta rage ƙiba, an bar ɗan abin da bai fi ƙwai ba. Lokotoron can, likitan da ya yi aikin, ya ce sai ta riƙe ƙwayoyin ƙarin jini da allura har ƙarshen ranta, kuma a riƙa auna jininta duk shekara. Ya saya na ɗan lokaci, da ya ga ta yi kyau ya bari, wai kada mai farmasi ya gane, gari ya ɗauka. Yayar ta ƙara da cewa in an je asibiti a ce raunin jego ne, a rufa wa gidansu asiri.

Na ce mata, “Hajiya, asirin gidanku zai ɗauke ta zuwa makewayi?”

Yau tana raye, alhamdu lillahi, amma da sanda take tafiya, don jijiyar da ta mutu ba ta dawo duka ba. Ba aikin nake zagi ba, ya kashe mata suga. Masu ɗaukar abin kamar ɗinkin riga nake zagi, a yanka a ɗinke a manta. Wanda ba zai iya riƙe maganin har abada ba, kada ya kai 'yar mutane ƙarƙashin wuƙa. Ku kuma iyaye, in jikin ɗanku ya sake, ku aje kunya ku tambaya.

Washegarin ranar da mijin ya faɗi gaskiya ban jira motarsa ba. Na sa aka kwantar da ita a motar masu tattasai, muka je asibiti. Yayar ta riga mu isa, tana gaya wa lokotoro raunin jego ne. Na ture ta gefe, na ɗaga zanen 'yata da hannuna, na nuna wa lokotoro tabon, na ce ya fara dubawa daga nan.