Goran da Na Juya Gabas

Wata Asabar ce a farkon damina, shekarar da na shiga aji huɗu, Kaka ta ɗora ni a kan turmi ta miƙo mini gora. Tsohon goran ruwa ne, ta huda masa baki daidai shigar ɗan tsuntsu, ta ce in ɗaure shi a reshen gwaibar da ke tsakiyar lambunta, a ƙauyenmu kusa da Kafanchan. "Bakin ya kalli yamma, Talatu, kin ji ko?" Na ce na ji. Ban tambayi dalili ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Kaka ba ruwanta da maganin feshi. Tsuntsaye ne 'yan aikinta, haka take kiransu. Su yi sheƙa a gorunan da ta rataya, gari na wayewa su bi kuɓewa da yakuwa suna tsince tsutsa, mu kuma mu saɓa fartanya mu nufi gonar citta. Ba a jima ba wasu biyu suka tare a gorana, har suka ƙyanƙyashe 'ya'ya uku. Ni kuwa ga shegen son kallo! Daga ƙofar ɗakinmu bayan goran kawai nake gani. Wata Lahadi da aka tashi daga sujada a coci na riga kowa dawowa, na hau turmi na juya bakin ya kalli gabas. Kwana biyu ina wanke-wanke ina shan kallo. A na uku da la'asar hadari ya taso daga gabas, kamar kullum, da iska. Ruwan na ɗaukewa na ruga. Goran ya cika da ruwa, kuma ba wanda ke motsi a ciki.

Kaka ba ta dake ni ba, da ma ta daka, da na fi samun sauƙi. Ta zazzage goran, ta ce, "Kin taɓa ganin ƙofar ɗaki a gidan nan ta kalli gabas?" Iyayen ba su dawo ba. Tsutsa ta mai da ganyen kuɓewar wajen kamar rariya, ni kuma miya ta riƙa tsaya mini a wuya duk daminar.

Yau gidan haya nake a cikin Kafanchan, maƙwabtana kowa da kwalbar feshinsa. Bara na rataya gora a mangwaron bayan gida, bakinsa yamma, tsuntsaye suka shiga. 'Yata na ta mita wai ba ta ganin komai, sai kukansu kawai. Na ce mata jin kukan nan kaɗai ya wadatar da mu.