Kujerar Sulaimanu a Majalisin Alhamis

Sulaimanu mutumin Gusau ne, amma shekarun da ya yi a Alƙahira sun zarce waɗanda ya yi a gida. Karatu ya kawo shi yana ɗan shekara ashirin da biyu. Karatun ya tsaya a aji uku, zaman kuwa ya ci gaba. Yanzu tafinta ne: yakan tarbi masu neman magani daga Najeriya da Nijar, ya kai su asibitocin unguwar Dokki, ya tsaya tsakaninsu da likita yana mayar da ciwonsu Larabci. Gidansa na unguwar Ard al-Liwa, hawa na huɗu, inda yake zaune da matarsa Rahina da 'ya'yansu mata biyu.

Rabin aikin tafinta jira ne. A kan bencin asibiti Sulaimanu ya koyi sauraron tsohon kiɗan Masar, irin wanda ake yi da udi, wato molon Larabawa, da sarewa, waƙa ɗaya ta ci minti arba'in ba ta gaji ba. Yana da tsarinsa. Kunne ɗaya kawai yake sa wa iyafis, ɗayan na ma'aikaciyar jinya ne in ta kira suna. Ba ya sauraro yana cin abinci. Idan aka katse shi a tsakiyar waƙa, ba ya ɗorawa daga inda ya tsaya, sai ya koma farko, wai shiga waƙa ta tsakiya kamar shiga gidan mutane ta katanga ne. Kuma ba ya son ɗauka mai tsabta ta ɗakin rediyo. Ya fi son wadda aka naɗa a gaban jama'a, mai shuu a ƙarƙashinta, inda za ka ji wani ya yi tari, wani ya ture kujera, wani can baya ya kasa daurewa ya ce «Allah!»

Wannan hali ne ya haɗa shi da Isam, wani Bamisire mai gyaran agogo da rediyo a wani lungu na Dokki. Wata rana ya kai rediyo gyara, ya tarar da waƙa na tashi a shagon, sai ya tsaya a bakin ƙofa rungume da rediyonsa har ta ƙare, wajen minti ashirin da biyar. Isam ya cire gilashin da ke idonsa ya dube shi.

«Kai daga ina?»

«Najeriya.»

«Shekara talatin ina shagon nan, kai ne na farko da bai tari numfashinta ba. Zauna.»

Duk da haka sai da aka shekara uku ana shayi a shago kafin Isam ya ce masa ya hau sama. A saman shagon akwai ɗaki mai kujeru bakwai, kowace da mai ita. Duk Alhamis daga la'asar zuwa magariba ake zama. Akwai Hussain, tsohon malamin lissafi, wanda ke sauraro ido rufe. Akwai Mu'tasim, ɗan Sudan mai kantin magani, wanda ke kaɗa yatsa ɗaya a kan gwiwa. Kowa kan kawo abin da ya samo a ji tare, a yi gardama a kan wace ɗauka ta fi, ta shekarar kaza ko wadda aka yi bayan muryar mawaƙin ta fara dusashewa. Sulaimanu ya samu kujerar da ke kusa da ƙofa, ya riƙe ta shekara goma sha shida. A duk faɗin birnin, nan ne kaɗai ba a kiransa tafinta, ba a kuma tambayarsa yaushe zai koma ƙasarsu.

Ƙa'idojin ɗakin ba yawa. Waya a farantin da ke bakin ƙofa ake ajiye ta. Abin da aka ji a ɗakin ba ya fita. Wanda kuma ya kawo baƙo shi ke ɗauke da shi: in baƙon ya yi ɓarna, tare suke sauka.

Dalilin tsananin yana cikin wani akwatin kwali a saman kabad. Tef ne na da, mai faifai biyu, minti goma sha takwas. Muryar Mahasin ce, mahaifiyar Isam, tana waƙa a gidan kawunta kafin ta yi aure, udi ɗaya na bin ta. Bayan auren ba ta sake buɗe baki da waƙa ba, dangi kuma ba sa son a san ta taɓa yi. Fatna, yayar Isam, da ƙyar ta yarda ya riƙe tef ɗin, bisa sharaɗin ba zai bar ɗakin ba. Sau ɗaya a shekara ake sa shi, Alhamis ɗin da ta fi kusa da ranar rasuwarta. Sulaimanu ya ji shi sau goma sha biyar, kuma da za a tambaye shi abin da ya fi so a duk abin da kunnensa ya taɓa ji, ba zai yi dogon tunani ba.

Bai taɓa kawo kowa ba sai Imrana.

Imrana ƙanin Rahina ne, magidanci mai shekara talatin da takwas, yana rubuta digirin dakta a fannin hadisi, yana zaune a unguwar Hay el-Sabi'. Duk Juma'a yakan zo cin tuwo, ya tsokani mijin yayarsa.

«Yaya Sulaimanu, kai dai da kunne ɗaya za a tashe ka. Ɗayan Masarawa sun cinye.»

«Ci tuwonka, Shehi. Kai da ba ka iya bambance sarewa da kukan tukunyar shayi.»

Amma a hankali tsokanar ta koma tambaya. Imrana ya lura sautukan da masu ƙira'a ke hawa su ne dai waɗanda tsofaffin mawaƙa ke hawa, ya so ya gane abin. Sulaimanu ya ji daɗi, irin daɗin wanda ya daɗe yana magana shi kaɗai. A cikin daɗin nan ne ya ba shi labarin majalisin, har da na tef ɗin. Daga ranar Imrana ya shiga roƙo a kai shi. Sulaimanu ya yi ta kaucewa har Rahina ta sa baki.

«Haba Malam, ƙanina ne fa, ba ɓarawo ba. Zama kawai zai yi.»

Isam ya amince da kalma ɗaya: «Baƙonka ne.» Aka ƙara kujerar roba kusa da ta Sulaimanu. Alhamis huɗu Imrana na zuwa, yana ajiye waya a faranti, yana zama kamar a gaban malami, har Hussain ya yaba da natsuwarsa. Ta biyar ita ce ta Mahasin.

Kwana shida bayan nan, Sulaimanu na zaune a asibiti yana jiran a fito da wani tsoho daga ɗakin hoto, saƙo ya shigo daga Mu'tasim. Babu gaisuwa, mahaɗar wani shafin intanet ce kawai. Ya taɓa. Numfashin farko ya ishe shi ya gane muryar. Ya zare iyafis ɗin kamar ya ƙone shi, sannan ya karanta abin da aka rubuta a ƙasa da Larabci mai kyau:

«Na ji wannan da kunnena a majalisin Ustaz Isam mai agogo a Dokki. Wanda ya shigar da ni shi ne surukina Sulaimanu mutumin Gusau, shi ya ba ni labarin cewa muryar Mahasin ce, mahaifiyar Isam. Allah ya jiƙanta.»

Sai a lokacin ya tuna abin da kowane ɗan Najeriya a birnin ya sani: Imrana waya biyu gare shi, ta layin Masar da ta layin gida. Ɗaya ce ke shiga faranti.

Ya mayar da tsohon masauki, ya hau ƙaramar bas zuwa Hay el-Sabi'. Ya tarar da Imrana cikin littattafai, ko sallamar kirki bai yi ba.

«Mantuwa ka yi da ita a aljihu?»

Imrana ya ajiye alƙalami. «A'a, Yaya. Ba zan yi maka ƙarya ba. Da niyya na bar ta.»

«Tun yaushe?»

«Tun ranar da ka ba ni labari. Tef ne fa na shekara saba'in. In ya tsinke gobe, shi ke nan ya tafi. Abu mai daraja irin wannan, mutum bakwai su kulle shi a ɗaki? Ɓoye ilimi...»

«Ilimi? Ba kai ke cewa kiɗa haramun ne ba?»

«Ban ce haramun ba. Cewa na yi akwai saɓani.»

«To sunana fa? Da sunan matar? Wa ya aike ka?»

Nan Imrana ya dube shi da mamaki na gaskiya. «Yaya, ni in ruwaito abu ba isnadi? Ai dole in faɗi daga wa na ji, shi kuma daga wa. In ban ambace ka ba, na ci haƙƙinka.»

Sulaimanu ya nemi gefen katifa ya zauna. Wata huɗu ke nan yana zuba wa mutumin nan bayani, yana murna ya sami abokin ji a cikin danginsa, ashe ƙofa kawai ake nema, shi ne kuma ƙofar. Ya ce a goge. Imrana ya goge a gabansa, yana cewa «khalas, shi ke nan, ai ga shi nan.» Amma kafin la'asar Mu'tasim ya turo wasu shafuka uku da suka riga suka kwafa, har da rubutun ƙasan.

Washegari Alhamis. Sulaimanu ya sa rigarsa mai kyau ya tafi da wuri, don ya sami Isam shi kaɗai. Isam na kan aikinsa. Ya amsa sallama, ya jawo masa kujerar shago, ya aika aka kawo shayi.

«Ka san zai yi?»

«Wallahi ban sani ba, ya Ustaz.»

«Na yarda.» Isam ya juya wani ƙaramin agogo a tafin hannunsa. «Fatna ta zo jiya. Jikanta ne ya nuna mata a waya. Ta hau sama da kanta, da ciwon gwiwarta, ta ɗauke akwatin.»

Sulaimanu ya ɗaga kai ya dubi matakalar.

«Ka san ƙa'ida,» in ji Isam a hankali. «Ni na kafa ta. In na karya ta dominka, gobe ba ni da bakin magana. Ma'alish, ka yi haƙuri, ya Sulaiman. Shago naka ne kowace rana.»

Hussain ya shigo, ya gaisa da shi hannu biyu, ya wuce matakala. Mu'tasim ya shigo, ya dafa kafaɗarsa, ya wuce. Sulaimanu ya shanye shayin har ƙasa, don kada a ce ya tashi da fushi, ya yi godiya, ya fita.

Yau shekara biyu ke nan. Imrana ya kammala digirinsa, kuma har gobe yana ganin taimako ya yi. Yakan zo cin tuwo ranar Juma'a, don Rahina ba za ta rufe wa ƙaninta ƙofa ba, mijinta ma bai ce ta rufe ba. Sukan gaisa, a tambayi iyali, a ci abinci. Sau ɗaya Imrana ya ce zai je ya ba Isam haƙuri, ya yi masa bayanin niyyarsa.

«Kada ka je,» in ji Sulaimanu. «Ba ni da sauran abin da zan ɗauke ka da shi.»

Ranar Alhamis kuwa yanzu yakan karɓi masu ganin likita na yamma, waɗanda da yake tura wa wasu tafintocin.