Tunkiyar Hajiya da Lambar EC

Cikin duk ayyukan da na yi a sana'ar nan ta gyaran AC, ba na jin zan manta da ranar da tunkiya ta kusa zubar min da mutunci a Tarai. Bazarar 2019 ce, saura kaɗan a kama azumi, lokacin ina da shago a Rano.

Alhaji Garba, mai motocin haya da ke jigila tsakanin Kibiya da Kano, shi ya sa na haɗa wa mahaifiyarsa da ke Tarai AC mai raba biyu, wato kai a cikin ɗaki, inji a waje, bututun jan ƙarfe ya haɗa su. Hajiya ta fito daga asibiti ne, zafi yana hana ta barci, 'ya'yanta kuma sun matsa a mayar da ita Kano gidan 'yarta. Ita ko ta ce ɗakin da mijinta ya bar ta a ciki ba inda za ta. Aka yi sulhu: in ɗakin ya yi sanyi ta zauna, in bai yi ba ta bi su. Alhaji ya sa sola, ni na ɗaura na'ura.

Ba a jima ba ya kira ni, wai sanyi ya ɗauke, wasu haruffa biyu suna ƙiftawa, EC. Ga waɗanda ba 'yan sana'a ba, a irin wannan na'urar ma'anarsu gas yana zurarewa, sai ta tsayar da kanta don kada kwamfiresa, wato zuciyar injin, ta ƙone. Na je, na ɗaura gejin auna gas, allura ta faɗi ƙasa. Na shafa kumfar sabulu a mahaɗai, sai ga ƙwai-ƙwai suna tashi a notin injin waje. Na ɗaure shi, na zuƙe iskar da ke cikin bututu, na auna gas na cika. Na tafi ina ta fara'a.

Kafin sati ya zagayo, EC ta dawo. Wannan karon muryar Alhaji ta sauya.

"Malam Sabi'u, ni fa na gaji. Gobe zan ɗauke Inna, in ya so ka kwance kayanka."

Wallahi raina ya ɓaci, don noti ba ya kwance kansa, kuma na san hannuna. Na isa da hantsi, na tarar da wurin injin an share shi tas, har da yayyafa ruwa, kamar dai wancan zuwan. Noti ɗin nan dai shi ne, bakin bututun ma ya tsage. Da na duƙa sai na ga soson da ke naɗe da bututun ya goge a wuri guda, ga wani ɗan gashi fari maƙale.

Na yi sallama ɗakin Hajiya, na durƙusa na gaishe ta.

"Hajiya, akwai abin da ake ɗaurewa a bayan tagar nan?"

"Ba kowa sai Ladi," in ji ta.

Alhaji ya dube ni, na dube shi. Ashe Ladi tunkiyarta ce, wata ƙatuwa mai ciki. Hajiya ta lura na'urar tana ɗigar da ruwa ta tiyo, ta ce wannan ai almubazzaranci ne, ta sa aka ajiye kwano a ƙasa, aka riƙa ɗaure Ladi a jikin bututun tana sha, ita kuma tana jin motsinta daga kan gado. Duk fizgar da tunkiyar ta yi, a notina take ƙarewa.

"To Inna, me ya sa ban taɓa ganinta a wurin ba?" in ji Alhaji.

"Kai ma dai Garba. Ka ce kana tafe da baƙo, sai a bar masa dabba da kashinta a inda zai tsuguna? Ai kunya ce."

Alhaji ya yi dariya har ya zauna a daɓe, ni kuwa sai da na share hawaye da hannun riga. Girmamawar da ake min ita ta ɓoye min ciwon.

Na yanke bakin da ya tsage, na buɗa sabon baki, na ɗaure, na gwada da sabulu, shiru. Na zuƙe iska, na cika gas. Sannan na nemi turke na kafa nesa da injin, inda ake hangowa ta taga, na ƙara tsawon tiyon ruwan har bakin kwanon Ladi. Hajiya ta ce a ɗaga labule ta gani, ta gani, ta ce Allah ya yi min albarka.

Muka kunna. Lambar ba ta fito ba, iska mai sanyi ta fara sauka. Muna tsakar gida muna cin dambun da aka kawo mana, matar Alhaji ta fito a hankali ta ce mu rage murya, Inna ta yi barci. Alhaji ya ɗauko waya ya kira ƙanwarsa ta Kano, ya ce ta daina gyaran ɗaki, tsohuwa tana nan.

Ku da kuke koyon aikin nan, lamba za ta faɗa muku gas ya zube, geji da sabulu su nuna muku inda ya bi. Amma dalilin zubewar yana wurin masu gida, kuma sai kun durƙusa kun gaishe su kun tambaya. Hajiya ta yi azuminta a ɗakinta, ta yi salla a ɗakinta, kuma har yau in na tuna sai na ji daɗi ya cika min rai.