Rijiyar Hassi Ta Yi Tsabta

Birnin Kebbi

Ina sallame asuba na hau kabu-kabu daga unguwar Nasarawa zuwa tasha. Ɗiyata Hassi ce ta aiko daga Argungu, wai jikata Balki ba ta cin abinci, ga ciwon ciki kullum. Ƙarhe shida da kwata mota ta tashi. Shingen 'yan sanda biyu munka wuce.

"Inna, matsa mana," in ji direba.

"In matsa ina, bisa kanka?"

Argungu

Bakwai da rabi na sauka. Hassi ta kawo hura. Balki na kwance bisa tabarma, shekara ukku, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Na tahi rijiya in ɗebo ruwa, sai na tsaya. Tun ina yarinya na san bakin rijiya mai rai kore shar yake da gansakuka. Wagga duk ta ƙone, ta yi ja, na taɓa ta, ta marmashe kamar garin taba.

"Hassi, mi ya samu gansakukarku?"

"Ai mun huta, Inna. Rijiya ta yi tsabta da kanta, ba sai mun kankare ba."

Taki biyar daga nan mijinta Garba ke fasa tsohon batirin mota, shina narka dalma, shina yi wa masunta nauyin taru. Ruwan wankin kaskon dalmar gindin rijiya yake gangarawa. Gehen nan ne gansakukar ta hwara mutuwa, Hassi da kanta ta nuna min. Na sha jin labarin gubar dalma a rediyo.

Suruki ne, amma na aje kunya.

"Malam, abin da ya kashe ciyawar da ba ta da ciki, mi zai yi wa cikin yarinya?"

Ya duƙar da kai. "Inna, in na bari, mi za mu ci?"

Na ce a ba ni yarinyar in kai ta asibiti. Ya ce sai bayan ranar kasuwa.

Komowa

Ƙarhe huɗu na shiga mota ni kaɗai, na iso gida kahin magariba. Na gode Allah da ya maido ni lahiya, na gode wa direba. Sadda nike hita gidan Garba, Balki ta ce ƙishirwa, na kuma ji Hassi ta jeha guga cikin rijiyar.