Acil Masrupah da Dogayen Pinang na Mahaifinta

A ƙauyenmu na Parit Bakau, cikin ƙasar Betara, babu wanda ya kai Acil Masrupah saurin fasa pinang. Acil dai goggo ke nan, kuma haka kowa ke kiranta, har waɗanda suka girme ta. Pinang kuwa shi ne goronmu. Da shi ake neman aure, da shi ake tarbar baƙo, amma yawancinsa busar da shi ake yi a loda a jirgin ruwa, a kai wa masu taunawa a Indiya da Pakistan.

Mahaifin Masrupah manomin kwakwa ne, har shekarar da ruwan gishiri ya karya madatsa ya kwanta a gonarsa. Tana 'yar budurwa a lokacin. Da idonta ta ga gida mai yalwa ya koma auna shinkafa da tafin hannu. Abin da ya riƙe su shi ne layin pinang da tsohon ya dasa a tudun iyaka, ba don komai ba sai don a san inda gona ta tsaya. Tun daga ranar Masrupah ta ƙulla a ranta cewa gona ba za ta zama ta abu guda ba.

Sai Allah ya haɗa ta aure da Jumberi, mutum mai fara'a wanda kowace damina da sabuwar dabararsa. Ya yi kiwon agwagi, suka bi ruwa suka tafi. Ya haƙa tafkin tarwaɗa, ambaliya ta raba wa maƙwabta. Shekarar da pinang ya yi daraja, har masu babur suka fara sayen mota, ya dawo daga kasuwa ido na ƙyalli, ya ce a sare kofi da ayabar da ke ƙarƙashin itatuwan pinang ɗinsu, a cike ko'ina da pinang.

"Baban Sapnah," in ji ta, don da sunan 'yarsu take kiransa, ba ta ko ɗago daga aikinta ba, "mutumin Indiya ɗan uwanka ne? Ranar da ya ce ya ƙoshi, pinang za ka dafa mana?"

Ya yi dariya ya ce da ita aka naɗa gwamnan lardinmu na Jambi da kowa ya mutu da tsohuwar riga. Kofi dai ya tsira, ayaba ma haka.

Amma ba kullum take da gaskiya ba. Da farashi ya soma gangarowa, Jumberi ya ce a sayar tun da sauran dama. Ita ta ce a'a, abin da ya sauka zai hau. Ta jibge buhuna a ɗakin baya tana jira. Farashi bai hau ba, damina kuwa ta zo da wuri, ta yi ta zuba har tabarma ta soma wari. Da ta gaji ta aika aka kira Haji Bahrun ɗan sari, ya zo da kwalekwalensa mai inji. Ya zura hannu a buhun farko, ya ɗauko guda ya tsaga. Ciki ya yi baƙi, funfuna ta cinye shi. Ya buɗe na biyu, ya buɗe na uku, sannan ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da zai iya biya, wanda ko ladan masu tsinka bai kai ba.

Guminsu na rabin shekara ke nan, ga Sapnah, 'yarsu tilo, tana shirin shiga makarantar ungozoma. Masrupah ta zauna a kan matakala ta kasa cin abinci. Ta yi ta jiran Jumberi ya ce ai na faɗa miki. Bai ce ba. Ya soya ayaba, ya haɗa kofi, ya ajiye a gefenta.

"Sha mana, Uwar Sapnah. Ni na yi asara sau nawa? Ke sau ɗaya tak, har za ki fi ni baƙin ciki?"

Kofin da ayabar da ta hana sarewa su suka ciyar da gidan a watannin nan, sai dai ba za su kai yarinya makaranta ba. Maƙwabta kuwa zuciya ta ɗebe su, suka yi ta kwantar da pinang suna dasa kwakwar manja.

Ana cikin haka Jumberi ya zo da wata dabarar. Bikin 'yancin kai ya matso, kuma kowace unguwa a birni tana neman doguwar gangar itacen pinang, wadda za a kankare, a shafe da baƙin mai, a rataye kyaututtuka a samanta, samari su yi ta kokawar hawa. Ga itatuwan mahaifinta can a iyaka, sun yi tsawon da ko an ɗaura gora biyu lauje ba ya kai ga 'ya'yansu. Ya ce a sare su a sayar.

Masrupah ta ce sai dai bayan ranta. Itatuwan da suka ciyar da ita ne za a shafa wa mai yara su yi wasa da su? Kwanaki ba ta yi masa magana ba sai ta dole. Daga baya ta tafi iyakar ita kaɗai, ta daɗe a tsaye tana kallon samansu. Ta san shekara da shekaru ba abin da ake samu a jikinsu sai wanda iska ta kakkaɓo. Ta durƙusa ta tsince jajayen da suka faɗo, ta cika zaninta don iri. Da ta dawo gida ta ce masa ya sare, amma ya bar mata biyu na bakin ruwa.

Ya kankare su sumul, ya ɗaure su a bayan kwalekwale, ya ja su ta magudanar ruwa har birnin Kuala Tungkal. Kafin azahar ba ko ɗaya a hannunsa. Ya dawo ya bi maƙwabta yana sayen tsofaffin gangunan da suka yasar, ya sake komawa. Sapnah ta shiga makaranta.

Ranar bikin ya matsa wa Masrupah sai da ta bi shi birni. Ta tsaya a bayan taro fuska a murtuke, har ta hango wata ganga mai ɗan lanƙwasa a tsakiya, ta gane ta. Samari suka hau kafaɗar juna, suka kusa kai wa sama, suka sulmiyo gaba ɗaya kamar tarwaɗa. Ta rufe baki da mayafi, dariya ta ƙwace mata har da hawaye. Can sai ta ga wanda ke ƙasa yana ɗauke da su duka mijinta ne, da furfurarsa, ya yi baƙi ƙirin. Rabonsa a cikin kyaututtukan bokitin roba ne, ciwon bayan kuwa ya kai shi har ƙarshen wata.

Da abin da ya rage suka kafa rumfar shanya mai rufin farar leda, inda pinang ke bushewa ko ana ruwa. Irin da ta tsinto ta rene shi a inuwa, ta dasa a gurbin na da. Ta kuma daina jibge kaya. Takan sayar da rabi da zarar ya bushe, ta riƙe rabi. Da farashi ya farfaɗo, waɗanda suka sare nasu suka riƙa zuwa neman dashe, ta sayar wa masu hali, ta ba marasa hali kyauta, tana yi musu tsiya kaɗan.

Ba su yi arziki ba. Amma babu watan da zai kama a rasa abin tsinka a gonar nan. Sapnah tana aiki a asibitin gunduma, kullum tana roƙonsu su huta, su kuwa suna cewa sai an gama na bana. Kwanan baya Jumberi ya kafa akwatunan ƙudan zuma a ƙarƙashin kofi. Na tarar da shi a baranda ido ɗaya a kumbure, Acil tana shafa masa magani tana faɗa, shi kuma yana rantse mata cewa wannan karon dabarar za ta kama.