Littafin Kawu Sale da Ban Buga Ba

Duk wanda ya taɓa cin abinci da Kawu Sale a Doha ya san sai ka kai loma baki yake zaro wayarsa. Ba hoton jikoki zai nuna maka ba. Zanen Kiristocin Turai na zamanin da ne: wani waliyyinsu an sossoke shi da kibau, wani ana feɗe shi da ransa. Likitan fiɗa ne, ɗan sahun gaba a masallaci, amma shekara goma yana rubuta littafi da Hausa kan waɗannan zane-zane. Ni ɗan ƙanwarsa ya ɗora wa aikin buga shi a kwamfuta, ni kuwa na yi ta zille masa.

Kun tuna walimar suna a Al Rayyan? Ana tsakiyar yagar rago ya miƙa wa liman wayar.

"Malam, dubi nan. Kibiya har goma sha ɗaya, ko ɗaya ba ta taɓa huhu ba. Maharban nan kora ta kama su!"

Liman ya ajiye ƙashin da ke hannunsa ya ce, "Likita, don Allah khalas, ya isa haka." Kawu ne ya cinye sauran naman.

Wani injiniya ya taɓa tsokanarsa, "Likita, ko dai coci za ka koma ne?"

"Kai da ka shekara bakwai kana gina otal a West Bay, ka taɓa kwana a ciki?"

Amma abin da ke ci masa rai fuskokin waliyyan ne. Ya ce min, "Ana gasa mutum a kan ƙarfe, fuskarsa kamar mai jiran jirgin ƙasa na Metro! Ni na san ciwo, ihu ake yi. Sai dai mai zanen ba wawa ba ne. Akwai abin da ya sani game da haƙuri, kuma na gano shi. Yana babin ƙarshe."

"To ku faɗa min mana, Kawu."

"Ka zo gida in karanta maka, ka buga."

"Sai Juma'a in sha Allahu."

"Juma'arka ta fi ta kowa nisa!"

Da azumin bara ya faɗi a wurin aiki, bai sake magana ba har Allah Ya karɓi ransa. Bayan sadakar bakwai matarsa ta miƙo min littattafan rubutu uku. Na buɗe, na kasa karanta ko layi ɗaya. Rubutun likita ne, kamar kaza ta yi tono. Na kai wa abokan aikinsa biyu, na kai wa mai ba da magani da ya saba da hannunsa, kowa ya girgiza kai. Ashe shi ya sa yake ta cewa in zo. Ina zaune a unguwar Mansura, rabin awa ce ta raba ni da gidansa, wallahi lalaci ne kawai, kuma har yau abin yana cina.

Allah Ya jiƙanku, Kawu, Ya sa ciwon da kuka ɗebe wa bayinSa ya zama haske a kabarinku. Ni kuma Ya yafe min.