Ƙwallon dabino ɗaya na Baba Isa

Ɗazu bayan sallar Juma'a muna karta a ɗakinmu na 'yan ci-rani a unguwar Ulaisha, irin wadda ake cewa poka. Ba ma sa kuɗi, ƙwallon dabino muke zubawa. Abokin zamana Habu ya turo ƙwallo ɗaya tak, sai kawai na kife katina, na fita daga zagayen. Ya ce, "Kai, ya aka yi ka gane?"

Wajen Baba Isa na koya, wani dattijon direba da muka zauna da shi a ɗakin nan. In katinsa ba kyau, sai ya zubo ƙwallaye da yawa yana cika baki. Amma ranar da ya riƙe mai ƙarfi, ɗaya yake turowa a hankali, kamar mai jin kunya.

Da na gano shi, na ce, "Baba, wannan ai tarko ne."

Ya yi dariya ya ce, "Wane tarko, ɗan nan? In na zuba da yawa duk ku gudu, wasa ya ƙare, kowa ya koma kan wayarsa. Duk mako ni kaɗai ne a motar kafil, maigidan da ya kawo ni aiki ƙasar nan. Zamanku nake so."

Tun daga ranar ban ƙara gudu ba. Ina sane nake binsa ya cinye ni.

Ya koma gida da daɗewa. Yau da na kife katin, sai na ji kamar shi na bari zaune.

Ku fa, wa kuke bari ya cinye ku don dai zama ya yi tsawo?